Kana Nan?

Ƙarfe biyu da kwata na dare, a Yaba,
hawa na huɗu, shayina ya huce.
A ƙasa janareta yana tari kamar tsohon mashayin taba.

Ni na rubuta 'yar manhajar nan, layi tamanin da bakwai.
Aikinta ɗaya ne:
duk daƙiƙa biyar ta zaga ayyukan da ke gudana cikin injin,
ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa,
kana nan?

Mai lamba 412 yana nan, gumi yake,
shi ke tura kuɗin dillalan tumatir na Mile 12,
ya cinye rabin ƙwaƙwalwar injin bai ce ya ƙoshi ba.
1180 barci yake, kuma ba lalaci ba ne,
jiran kira yake,
kamar direban danfo da ya kwantar da kujera a Oshodi
kafin mota ta cika.
Akwai wanda Folake ta dakatar tun la'asar,
ta bi ruwan sama ta tafi gida, ta manta da shi,
yana nan tsaye da ƙafa ɗaya a sama.

Sai 3067.
Ya gama aikinsa tuntuni, ya cika,
amma sunansa bai bar jerin ba,
don aikin da ya haife shi
bai zo ya tambayi yadda ya ƙare ba.
Ba ya cin komai. Lambarsa kawai ya riƙe.
Na aika masa umarnin kisa, bai motsa ba,
wa ke kashe matacce?
Sai dai a zunguri uwar:
tashi ki karɓi labarin ɗanki.

A nan hannuna ya tsaya.

Shekara uku ke nan da Sabi'u, ƙanena,
ya fita da babur daga Idi-Araba da hantsi.
Inna tana Malumfashi, ba ta iya karatu ba,
amma ta haddace lambarsa, guda goma sha ɗaya,
duk Juma'a sai ta sa jika ya danna mata.
Wata mata ce ke amsawa da Turanci
cewa ba a samun layin yanzu.
Inna takan ce, to, a gwada mako mai zuwa.

A injina ɗa ya gama, uwa ba ta tambaya.
A gidanmu uwa ba ta fasa tambaya ba.
Na iya rubuta iyaka ga jira:
in an yi tambaya sau uku shiru, a kunna jar fitila.
Ban san inda zan rubuta wa Inna wannan layin ba,
ban kuma tabbata ina so ba.

Na zunguri uwar 3067. Ta farka, ta karɓa.
Sifili: ya ƙare lafiya.
Layinsa ya goge, jerin ya matso sama.

An dawo da wuta, janareta ya yi shiru,
har ina jin ladanin wajen Sabo.
Gobe Juma'a. A'a, yau.
Daƙiƙa biyar ta cika,
manhajata ta sake tashi zagaye.