Ƙafar Gaba

Ƙwas-ƙwas take yi in na hau tudun kwalta,
gurum in taya ta faɗa rami,
kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashi
yana jiran a buɗe masa.

Fijon Baba ce, da ƙararta na gaje ta.
Shi rediyo ne maganinsa:
ta ce ƙwas, ya murɗa, ya ƙara murya,
har labaran duniya su danne kukanta.
Ni ma shekara biyu haka na lallaɓa ta.

Sau biyu na sake shokozoba.
Kuɗi suka tafi, ƙara ta zauna daram,
ta raka ni Batagarawa, ta rako ni gida.

Sai aka ce: je Ƙofar Guga, bayan masu faci,
ka nemi Nalado mai gyaran ƙafa.
Na iske shi gindin dalbejiya,
kunnensa ɗaya ya mutu tun yana yaron tifa,
ɗayan ma sai an ɗaga murya.

Bai tambaye ni komai ba.
Ya ce, "Shitu, ɗaga ta."
Jak ya ciji ƙasa, gaba ya tashi.
Ya kama taya, hannu sama, hannu ƙasa,
ya girgiza kamar mai gwada haƙorin yaro.
Ya koma dama da hagu. Ya yi tsit.
Ya kwanta kan kwali, ya dafa ƙarfe, ya runtse ido:
"Shitu, jijjiga."
Ashe da tafin hannu yake saurara.

"Ba shokozoba ba ce, ɗan nan.
Ga ta nan." Sifana ta shiga, noti ya yi gardama,
aka ɗiga masa baƙin mai, ya sauko.
Ya zaro wata 'yar roba,
ba ta kai ƙwallon goriba ba,
ta tsage, ta bushe kamar kilishin bara.
"Bushin. Ita ka hana ƙarfe cin ɗan'uwanshi.
Ran da ta ƙare, sai gari ya ji faɗansu."

Sabuwa ta shiga, ya shafe ta da giris.
Kuɗin bai kai cefanen yini ba.
Tsohuwar ya danƙa mini: "Riƙe, taka ce."

Na ɗauki hanyar Kaita da la'asar,
da gangan nake bin ramuka.
Shiru.
Na kai hannu ga rediyo, na fasa:
babu abin da zan danne.
Kujerar gefe ta yi mini faɗi.
Ƙarar nan da Baba muka ji ta,
yau na biya an cire ta.

Na tsaya bakin wata gonar gero,
robar na aljihu, hannuna duk giris.
Na buɗe ƙofa, na sauke ƙafa,
gwiwata ta ce ƙwas.