Katin Shasha

Ni mai lissafi ne a Bab Sharif,
a shagon yadi na Alhaji Marzuƙi.
Nawa aka saya, nawa ya rage a sito,
aikina bai taɓa wuce wannan ba.

Kwamfutata ta shekara takwas.
In na kunna ta, sai in ɗora shayi,
in zuba, in hura, in kurɓa sau uku,
ita ko miƙa ba ta gama ba.

Ran Asabar bayan Isha na sungume ta
kamar mai kai ɗa asibiti,
sai layin masu gyara, gumi har gwiwa,
zafin Jidda ko da dare bai san sauƙi ba.

Yaron shagon, Jazuli, haihuwar Makka,
Hausarsa rabi, sauran Larabci,
ya ce, "Ya ammi, katin shasha take so."
Ya sauko da kwali, ni ban tambaya ba.

Abu kamar bulo, baƙi wuluk, fanka uku,
fitilu na sauya launi kamar gidan biki.
Riyal dubu da ɗari bakwai.
Na haɗiyi yawu, amma ban fita ba.

Na ce, "Ni ba na wasan harbe-harbe,
ba na tseren mota a kan allo."
Ya ce, "Wallahi komai zai yi gudu."
Komai ɗin ne dai bai fayyace ba.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima.
Nawa idon ranar ƙyalli ya bi.
Kuɗin da na ware don cire haƙori
na ƙirga masa, ko ragi ban nema ba.

Kwana biyu na dawo, wai wuta ta yi kaɗan,
a sake akwatinta, ƙarin ɗari uku.
Wanda ya sayi raƙumi sai ya fasa ƙofa,
wannan ma ba a gaya mini ba.

Na kunna. Na sake ɗora shayin nan.
Lambobin nan dai, layi bisa layi,
bashin Ummu Fahad, riyal tamanin,
ko kyau bai ƙara a idona ba.

Na leƙa ciki: fankokin tsaye cik.
Na ɗauko tirela don ƙullin gishiri,
direba na barci, mai na ƙonewa,
taya ko ɗaya bai juya ba.

Maƙwabcina Usmanu, mutumin Madani,
ya kasa kunne ya ce, "Faifan ajiya ne ya gaji."
Ɗari da hamsin ya sa mini sabo,
ta farka, ruwan bai ko yi ɗumi ba.
Ashe ƙaya a ƙafa take,
ni ban bar shafa wa kai magani ba.

Sai Rumasa'u, 'yar ƙanwata,
mai karatun zanen gine-gine,
ta zo gaisuwa, ta hango katin,
ta yi shiru, idonta bai bar wurin ba.

Bene take zanawa mai hawa tara.
Inuwa, gilashi, hasken la'asar a bango,
injinta kan kwana yana nishi a kai,
gari ya waye bai kai rufi ba.

Na kwance na miƙa mata a leda.
A ɗakinta na fara jin muryarsa,
fanka uku na huci, bene na juyi
kamar waina a tanda, bai ko cije ba.

To, mai tambaya ko ya saya,
tambayi aikinka kafin ka tambayi Jazuli.
Wasiƙa, lissafi, kallon labarai,
ɗan na cikin injin bai taɓa kasa su ba.

Ita ta ce hawa na tara nawa ne
ranar da aka gina, da taga ta wajen teku.
Na ce Allah ya nuna mana, ina dafe da kunci,
haƙorin dai har yau ban cire ba.