Ni Na Tura

Ƙarfe sha ɗayan dare a Gangare,
sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure,
ina ƙudundune da waya cikin bargo,
sai ga wata murya, minti huɗu da 'yar ɗoriya.

Ta yi sallama cikakkiya, har da barakatuhu.
Ta ce likita ce, ba ta faɗi asibiti ba.
Wai ƙwayar hawan jini na cin ƙoda
yadda gara ke cin azara,
a ajiye ta, a dafa tafarnuwa da ɓawon lemun tsami,
kwana bakwai, an yi sallama da ciwo.
Ta rufe da roƙo: don Allah kar ya tsaya a kanka.

Bai tsaya ba.
Babban yatsana ya riga hankalina.
Na tura wa Kawu Sallau, don ina ƙaunarsa.

Kawu, mai dankali a Farin Gada,
mai jin warin ruɓaɓɓe tun buhu na ɗaure,
wanda ba ya taya kaya
sai ya san gonar da aka haƙo shi,
ta Bokkos ce ko ta Mangu.
Wannan karon bai tambayi gona ba.
Sunana ya gani a saman saƙon.

Sati uku. Wata Laraba da hantsi,
yana cikin ƙirga canji bakinsa ya karkace,
ɗari biyu ta suɓuce ƙasa,
ya sunkuya, hannun dama ya ƙi bin sa.

Asibitin Lamingo, benci kamar dutsen Shere don sanyi.
Sista Kangyang ta saurari muryar har ƙarshe.
Ba ta yi tsaki ba. Da ma ta yi.
Ta ce, "Likitar nan, wa ya san sunanta?
Ta taɓa ɗaura wa Baba ma'auni a damtse?
Hawan jinin da aka saki, shi ne mai cin ƙodar.
Karanta a waya, ban hana ka ba,
amma duba wa ya sa hannu, wace hukuma, yaushe,
sannan kawo mu duba tare
kafin kowa ya ajiye maganinsa."

Yanzu Kawu na koyon riƙe cokali.
Ni ke ɓare masa ƙwayar kullum da safe.
Bai taɓa ɗago min maganar ba,
sai dai ya ce da rabin baki,
"Ɗan nan, sanyin bana ya yi yawa."

Jiya muryar ta dawo, ta wayar surukina Tanko.
Ta sauya zane, yanzu ciwon suga take kora.
Sallamar nan dai, har da barakatuhu.
Na amsa, don amsawa wajibi ce,
na rubuta: a wace gona aka haƙo wannan?

Ya turo min fuska mai dariya.

Na kife wayar, na zura takalmi.
Gidansa bai fi tafiyar minti goma ba,
kuma mahaifiyarsa na yin allurar suga.