Mai Lasifika a Harehills

Takwas na safe na dawo daga gidan kula da tsofaffi,
warin sabulun asibiti bai bar yatsuna ba.
Gyatumai goma sha ɗaya na juya cikin dare,
na canza zanin gado har gadon bayana ya yi tsami.
Na ja labule, na ce wa barci bismilla.

Sai ga Clive.
Duk wannan gefe na Leeds an san shi:
jar hula, akwatin madara da yake takawa don ƙarin tsawo,
lasifika rataye a wuya kamar laya.
Ku koma inda kuka fito, in ji shi,
kun cinye aiki, kun cika layin likita.
Ni da na kwana ina share bakin uwar wani,
wa ya sani ko tasa ce.

Na kira 'yan sanda, murya na rawa.
Suka zo su biyu, ba gudu, ba jiniya,
mace ɗaya da wani dogo mai tauna cingam.
Na leƙo ta taga ina jiran mari,
irin wanda ake ji daga bakin kasuwa har tasha.
Ina! Gaisawa ma suka yi.
Macen ta ce: bakinka naka ne,
amma kunnen unguwa ba gadonka ba ne, rage ƙara.
Ya murɗa, ya rage,
ya ci gaba da zagina a hankali.

Na zauna bakin gado ina huci.
Wace irin ƙasa ce wannan
da ake auna amon magana a bar dafinta?

Can sai Kawu Tukur ya faɗo mini a rai.
Tela ne, bai taɓa riƙe lasifika ba.
A teburin mai shayi kawai ya ce
rijiyar da aka yi mana alkawari
a takarda take ba da ruwa.
Kwana tara muna kai tuwo caji ofis.
Ya fito da haƙora biyu a aljihu,
tun ranar, ko kuɗin zare ka tambaye shi
sai ya waiga kafin ya amsa.
Marin da nake roƙar wa Clive,
ashe na san tafin da ke yin sa,
na kuma san ba ya zaɓen kumatu.

Ƙarfe uku da kwata 'yan makaranta suka taso.
Hodan, 'yar mai shagon kusurwa,
jaka a baya, igiyar takalmi ɗaya a kwance.
Clive ya sauko daga akwati.
Taku ɗaya, biyu, uku,
ya tare ta, ya sa mata lasifikar a fuska,
ya tofa yawu a gabanta.
Yarinyar ba ta yi kuka ba, ƙamewa ta yi.
Wannan karon motar ta zo da jiniya,
dogon ya tofar da cingam,
ankwa ta yi ƙas.

To, ga iyakar ke nan, na gan ta da idona:
taku uku ce, daga akwati zuwa yarinya.
Ban ce ba daidai ba ne.
Sai dai ni tun safe ake taka ni
ba tare da an ɗaga ƙafa ba,
kuma babu littafin da aka rubuta hakan.

Titi ya yi tsit, barci ya ƙi zuwa.
Akwatin na nan, ruwan sama na wanke shi,
ba wanda ya hau, ba wanda ya ɗauke.

Takwas na dare na koma bakin aiki.
Tsohuwar ɗaki na shida ta riƙe hannuna,
ta ce, ɗana ya zo yau?
Na hura cokalin miya.
Bai zo ba, Mama. Buɗe baki.