Makulli Na Uku

Shekarar da kuɗin auduga ya karye a Garwa,
gidaje suka zube kamar tumatirin la'asar.
Banki ya manna jeri a bangon kotu:
lamba, unguwa, farashi,
ba sunan kowa.

Na zo da ribar albasa ɗaure a ƙugu,
na cike giɓin da rance.
Mu shida ne a zauren gwanjo,
biyu ma inuwa suka shigo sha.
Aka kira miliyan huɗu na sefa,
na ɗaga yatsa kamar mai korar ƙuda,
ba wanda ya ƙara ko dala.
Dillali Bakari ya raɗa mini a kunne,
wai na tsinci dami a kala.
Suka miƙo mini makulli biyu a ambulan.

Gidan yana Rumde, bayan injin niƙa.
Ƙyauren ya yi ƙara kafin ya yarda da ni.
Duwatsun murhu na nan da tokarsu,
igiyar shanya ta saki ciki,
ga lemun tsami a tsakar gida
yana ta 'ya'ya, bai ji labari ba.

A zaure na gane tela ne mai gidan.
Sawun ƙafafun keke huɗu a daɓe,
bango kuma ya sha biro:
wuya sha shida, hannu ashirin da huɗu,
Jauro, jaka bakwai, sai bayan girbi,
Asta mai kifi, jaka uku da rabi,
malamin makaranta, sai an yi albashi.
Na tsaya ina tarawa, halin ɗan kasuwa.
Da rabinsu sun biya,
da yau ban san hanyar gidan nan ba.

Kwana uku, bayan magariba, aka yi sallama.
Dogo ne, rigarsa ta sha guga,
ɗinkin wuyan ba na kasuwa ba ne.
Ya ce sunansa Hamajoda.
Ya tsaya a waje, a ƙofar da shi ya kafa.
Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka,
sai ya buɗe tafin hannu:
"Uku ne, wannan ya maƙale a aljihu."

Ya ce famfon sai tsakar dare yake kawowa,
a bar bokiti a ƙarƙashi.
Kusurwar gabas tana yoyo in ruwa ya zo da iska.
Lemun nan kuwa, in da hali, kada a sare,
mabiyiyar yaransa huɗu na gindinsa.
Na ce ya shigo ya sha ruwa.
Ya ce ya sha.

Har ya juya, ya waiwayo:
"Wane banki ya cika maka?"
Na faɗi sunan.
Ya daɗe yana duban takalminsa.
"Biyar ga wata," ya ce,
"kada ka bari ta kwana."

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta
ka shafa wa naka ruwa.
Ni ɗumi na zo ji.

Yau wata na takwas.
Ba mai haya, ba mai taya,
allon sayarwa ya kai biyar a layinmu.
Albasa ta ruɓe mini mota guda a hanyar kudu,
Binuwai ta ja baya, ta bar yashi.
Fentin da na saya yana nan a rufe,
na kasa shafe bashin mutane.
Makulli biyu na rataye a ƙusa,
na ukun yana aljihuna, ban san dalili ba.
Tsakar dare nakan tashi in tari famfo,
in kai wa lemun bokitin farko,
sannan in zauna a kan dutsen murhu
ina ƙirga kwanakin da suka rage
kafin biyar ga wata.