Kura Ta Tashi a Shafi na Tara

Tasalla ta aiko da su daga Dutse
cikin kwalin sabulu, an naɗe da tsohon zane:
allo biyu, da 'yar takarda,
"Baba, ka zaɓi ɗaya, ɗayan na Sallau ne."

Na fara ɗaukar mai ƙyallin.
Fuska sumul kamar sabon faranti,
ga launi, ga kiɗa in an taɓa.
Na zauna gindin tsamiyar ƙofar gida,
rana ta faɗo a kansa,
sai na ga furfurata, ban ga harafi ba.
Kafin la'asar yunwa ta kashe shi.
Naira ɗari biyu wajen Mati mai caji,
ga tafiya har bakin tasha.

Ɗayan toka-toka ne, ba fara'a,
kamar takardar buhun siminti.
Rana ba ta dame shi ba.
Na ja yatsa, baƙaƙe suka kumbura
kamar waken da ya kwana a ruwa,
layi ya gangaro ya cika gurbi
yadda ruwa ke bin fangali a fadamar Harbo.
Idon da ya shekara talatin yana duba jarrabawa
ya ce: wannan ya san girman tsoho.

Amma a shafi na tara
babur ya wuce, wai "kura ta tashi."
Sai da na waiga bayana.
Ashe ƙura ce, na'ura ta cinye ƙugiyar.
Ƙaya ta koma kaya,
baƙi ya koma baki,
wani wurin kuma akwati ne wayam
zaune a mazaunin ɗ,
kamar ɗakin da mai shi ya tafi cirani.

Littafin lissafi kuwa ya ƙi motsi,
hoton shafi ne aka daskarar, ɗan mitsitsi,
ka ja, ka tura, jaki ne a bakin gada.
Waƙa ma an karya mata baiti a ƙugu,
amsa-amo ya faɗa layin maƙwabci.

Sallau ya zo bayan isha'i da tocila.
Ya tona cikin na'urar kamar mai neman gyaɗa bayan girbi,
ya sauya zubin baƙaƙe sau uku
kafin ɗ ta dawo da sandarta a kafaɗa,
ƙ ta biyo ta, ɓ na ɗingishi a baya.
Na lissafin dai ya ce sai haƙuri.
Ya ce ai mai ƙyallin ya fi, ana kallon ƙwallo.
Na ce ɗauka, Allah ya sa albarka.

Yau kwana goma sha tara
ban taka shagon Mati ba.
Jiya ya aiko yaro
a tambaya ko lafiya.