Abin da Ya Kwanta a Gindin Kwalba

Babana a Ƙofar Ruwa yake goge gilashin mota.
Hoda yake saya, gwangwani guda kuɗin buhun masara,
ya kwaɓa, ya murza, har zanen tsakuwa ya ɓace.
Ragowar, ruwan dagwalo, sai ta bi kwata.
Shekara ashirin da uku kwata na shan jarinsa.

Ran Talata na tare ta da bokiti.
Ya ce, "Ramlatu, karatun ne ya koma kwasar ƙazanta?"
Na ce, "Baba, seriyam ne a ciki."
Ya ce, "Ɗan gidan wa?"

Galan tsakanin ƙafafuna, a daidaita sahu,
muka bi ta Kabuga yana ɓulɓul a kowane rami,
direba na leƙen madubi ko fetur na ɓoye.

A ɗakin gwaji Malam Sidi ya miƙo safar hannu.
Asid ya ci laka, ya bar ruwa garau
kamar ba kowa a ciki.
Alhali dangi ne cike, uwa ɗaya uba ɗaya,
kama ta yi kama, murya ta yi murya,
ka kira ɗaya, goma su waiwaya.

Amma nawa yana da hali.
Shi kaɗai, in an matsa masa, yake sake riga:
ruwan da ba launi ya juya rawaya,
rawaya ta nuna, ta doshi lemo.
Nan na gane shi,
kamar yadda uwa ke tsinto ɗanta a taron 'yan makaranta.

Na zuba kananzir da maganin da ke kamo shi,
na toshe mazurari, na girgiza,
na saki iska, na sake girgizawa,
har kafaɗa ta tuna min kakata Yalwa
da gorar nononta tana kaɗa mai.
Sai na ajiye.
Nan ne aikin yake, inda hannu ba ya komai.

A hankali layi ya fito, siriri kamar zare.
Sama ta ɗauke rawaya,
ƙasa ta riƙe sauran dangi.
Ba faɗa, ba sallama, kowa ya kama ɗakinsa.

Wuta ta ɗauke ƙarfe biyu da kwata.
Malam Sidi ya haska min da wayarsa,
na buɗe famfo ɗis, ɗis,
numfashina a riƙe kada layin ya zarce.
Ya zarce.
Na yi tsaki, na mai da komai, na sake daga fari.

La'asar sakaliya na lallaso shi daga kananzir,
ya tuɓe rawaya, ya dawo ruwa.
Na ɗiga masa tsami na ƙarshe,
sai fari ya tashi kamar hadari a cikin kwalba,
ya yi yawo, ya gaji,
ya kwanta lub kamar gasarar koko.

Na tace, na shanya, tanderu ta kwana da shi.
Da safe sikeli ya ce giram huɗu da ɗigo shida.
Galan guda, kwana uku,
abin bai cika cokalin shayi biyu ba.

Na kai masa a ƙullin takarda.
Bai ce komai ba. Ya lakata da ɗan yatsa,
ya tofa yawu, ya jawo fasasshen gilashi,
ya murza, ya murza, ya ɗaga wa rana.
Ta ciki na hango idonsa, babu zane tsakaninmu.

Ya kira yaronsa: "Ɗanjuma,
daga yau kada ka ƙara zubar da ruwan nan.
Nemo duro."